Man injin da ke jure wuta: jarkarsa ba ta girki ba ce

A manyan injunan da ke samar da lantarki, baƙin mai na yau da kullum yana da haɗari. In bututu ya fashe, man ya fesu kan ƙarfe mai zafi, gobara ce. Shi ya sa masana sinadarai suka haɗa wani mai daga fosfat da sinadarin fenol. Ba ya kama wuta da kansa sai zafi ya haura digiri 500, alhali man da ake tacewa daga ɗanyen mai yana kamawa tun wajen digiri 350. Ana amfani da shi a tashoshin lantarki da masana'antun ƙarfe, ana kuma zuba kaɗan a man injin jiragen sama don rage cin ƙarfe.

Nijar, mai matatar SORAZ a Damagaram tun 2011 da tashar kwal ta SONICHAR a Anou Araren, ba ta rasa buƙatar irin wannan mai. Sai dai ya taɓa yin mummunar ɓarna. A 1959, a birnin Meknes na Maroko, wasu ƴan kasuwa suka gauraya man girki da man injin jirgin sama mai ɗauke da wani nau'in wannan fosfat, wanda ake kira TOCP. Mutane kusan 10,000 suka kamu da shanyewar ƙafafu da hannuwa, domin gubar jijiyoyi take lalatawa. Daga baya masana'antu suka koma ga nau'o'in da gubarsu ba ta kai haka ba, amma babu ko ɗaya da ya dace da cikin ɗan Adam.

Darasin ya shafi kasuwannin Maradi, Tahoua da Yamai, inda ake sayar da mai a kwalaben da ba su da lakabi, jarkar da ta fito daga garaji kuma ta koma ta ruwa ko ta man gyaɗa. Mai saye ba ya iya tantance abin da ta taɓa ɗauka.

Ya kamata jami'an duwan da ma'aikatar kasuwanci su tilasta rubuta sinadaran kowane man masana'antu da ke shigowa. Kamfanonin da ke amfani da shi su riƙa huda gangunan da suka ƙare, maimakon sayar da su. Matasa makanikai, na gida da na ƙetare, su daina wanke hannu da man da ba su sani ba, kada kuma su kai jarkarsa gida.