Saƙon da ya tafi da waya

 Sharhinmu na yau kan saƙonnin cikin waya ne, da abin da ke sa a same su ko a rasa su idan salula ta ɓata, ko ta faɗa ruwa, ko aka ƙwace ta a hanya.

Daga Cadakori zuwa Gidan Rumji, daga Agye zuwa Gazawa, ciniki mai yawa a cikin waya yake kwana yanzu. Dillalin aya ya turo farashin buhu da saƙon murya, mai saye a Maraɗi ya amsa a ɗora masa, magana ta ƙullu ke nan. Ɗan ci-rani ya aiko da kuɗi ta Nita ko Amana, ya turo hoton rasit. Bashin takin da za a biya da kaka, adashin mata, alkawarin ranar biki, duk suna nan cikin WhatsApp, babu takarda ko ɗaya. Abin ya daɗe yana tahowa. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi kasuwannin hatsin Nijar na shekarun 2001 zuwa 2006, ta gano cewa isowar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A lokacin kira kawai ake yi, a kashe waya magana ta bi iska. Yau maganar tana zama a rubuce ko a naɗe, ta zama shaida. Al'ummar da aya mafi tsawo a Littafinta, cikin Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi, bai kamata ta ɗauki ɓatan irin wannan shaida da wasa ba.

Idan waya ta tafi, abin da aka saba shi ne a sayi wata, a nufi mai gyara a ce, “Malam, dawo mini da saƙonnina.” Ana ɗauka ƙwarewar hannunsa ce za ta fito da su. Gaskiyar magana, an riga an yanke hukuncin dawowarsu ko rashinta tun ranar da aka kunna tsohuwar wayar. WhatsApp ba ya riƙe saƙon da ya riga ya isa hannun mai shi. Wanda bai isa ba ne yake tsarewa, shi ma kwana 30 kawai. Kamfanin layi, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani, zai iya maido maka da lambarka, amma ba ya da wani kundin hirarka da za ka je ofis ka karɓa. Abin da ke dawowa shi ne kwafin da wayar da kanta ta aika ajiya a intanet: Google Drive ga wayoyin Android irin su Tecno da Itel da Infinix da suka cika hannun mutanenmu, iCloud kuma ga masu iPhone. Idan ba a kunna wannan ajiya ba, babu abin da za a ɗebo. Idan an kunna, sai an shiga da lambar da aka yi ajiyar da ita, da kuma asusun Google ɗin nan dai da aka yi ta a kansa. Ana sa WhatsApp a sabuwar waya, a tabbatar da lamba, sai ya tambaya ko a dawo da ajiya. Wanda ya tsallake tambayar cikin gaggawa, sai ya cire manhajar ya sake sa ta kafin ya kuma ganinta. Saƙonnin SMS ma haka: Android na iya haɗa su cikin ajiyar Google, amma lokacin shirya sabuwar waya ake dawo da su, ba bayan an yi wata guda ana aiki da ita ba.

Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Ajiyar WhatsApp kwafi ɗaya ce, sabuwa tana hawa kan tsohuwa ta shafe ta. Wanda ya goge saƙo da kuskure yana da dama ne kawai idan an yi ajiya kafin gogewar, kuma ba a sake yin wata ba bayanta. Idan wayarsa kullum take ajiya, ya bari aka kwana, da wuya ya sake ganin saƙon.

To, a ina gizo ke saƙar? A asusun. Mutum ya sayi waya a kasuwa, mai shago ko yaron da ke tura waƙoƙi da fina-finai ya buɗe masa Gmail cikin minti biyar domin Play Store ya yi aiki, ya zaɓi suna da lambar sirri daga kansa, bai rubuta wa mai wayar ba, shi ma kafin la'asar ya manta. Wani lokaci ma asusunsa ɗaya yake sa wa wayoyi da yawa. Layin kuma an yi masa rajista da katin ɗan ƙasa na wani ƙane ko maƙwabci. Wannan daidai yake da ka cika rumbu da gero ka bar mabuɗin a aljihun baƙon da ya wuce. Wayar na iya yin shekara biyu tana ajiya lafiya lau, ranar buƙata kuma a rasa mai buɗewa. Shi ya sa nake ganin maganar dawo da saƙo maganar mallaka ce: lamba da sunanka, asusu da ka san adireshinsa da lambar sirrinsa, an rubuta su a takarda an adana inda ake adana takardun gona.

Babu wanda wannan ya fi shafa kamar ƴan uwanmu da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. Cadakori na cikin garuruwa uku, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, da hukuma da HCR, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka tsugunar da su nesa da iyaka. Da yawa WhatsApp ɗinsu a kan lambar Najeriya yake. Ga layin da ba ya samun sabis a nan, ga kuma rufe layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba da Najeriya ta yi a 2024. Ranar da wayar ta lalace, lambobi shida na tabbatarwa za su tafi ga layin da ya mutu, ajiya tana nan amma ƙofa a rufe. Alhali a cikin WhatsApp akwai wurin canza lamba, wanda ke ɗauke asusu daga tsohon layi zuwa na Nijar tun wayar tana hannu. Aikin mintuna kaɗan ne, sai dai a yi shi kafin, domin bayan ɓata ba ya yiwuwa.

Za a ce kuɗin mega fa? Tambaya ce ta gaskiya, musamman ga wanda ke sayen forfe na dala ashirin ko arba'in. Kuma ajiyar WhatsApp ta saba jiran Wi-Fi, abin da ƙauyukanmu ba su da shi, shi ya sa wayoyi da yawa suke nuna an kunna ajiya alhali ba ta taɓa tafiya ba. Sai an ba ta izinin amfani da megan layi. Amma abin da ke cin mega bidiyo ne, kuma akwai maɓallin cire shi daga ajiya. Rubutu da saƙon murya ba su da nauyi sosai. Ajiyar farko ce mai tsada, ana iya yin ta ranar da aka shiga Maraɗi ko da dare lokacin forfe mai rahusa, sannan a sa ta mako-mako. Google na ba da giga 15 kyauta, Apple giga 5. Tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta shiga lissafin giga 15 ɗin nan, don haka wanda ya cika asusunsa da bidiyon biki da wa'azi, ajiyarsa za ta tsaya bai sani ba. A auna kuɗin megan mako da bashin jaka hamsin da aka musanta saboda babu shaida.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba: me ya sa sirrin gidanmu zai je ya kwanta a kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje? Amurka tana da doka tun 2018 da ke ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa aka ajiye su. A gida kuma, ajiya na iya zama makami: wanda ya riƙe layin mace da asusunta zai iya zuba hirarta kaf a wata wayar. Masu wannan fargaba suna da gaskiya, sai dai ƙin yin ajiya ba ya maganinta, tunda wayar da ba ta da kulle ta fi kowace ajiya tona asiri. Tun Oktoban 2021 WhatsApp ya ba da damar kulle ajiya da kalmar sirri ko da mabuɗi mai lambobi da haruffa 64, yadda Google ko Apple ko WhatsApp ɗin kansa ba za su iya karantawa ba. Sharaɗin mai tsauri ne: wanda ya manta kalmar kuma wayar ta tafi, babu mai buɗe masa. Akwai kuma lambar tsaro ta mataki biyu, wadda ke tare ƴan damfarar nan da ke kira su ce an turo maka lambobi shida bisa kuskure, ka karanto musu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka sabunta ta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin kula da ita. Mai gyaran da ya riƙe lambar sirrin abokin cinikinsa yana leƙa hirarsa ya ci amana, ko ya san da dokar ko bai sani ba.

Wasu kuma za su ce akasarin mutanen karkara ba su yi boko ba, ina su ina adireshin Gmail? Amma mutanen nan su ne ke haddace lambobin waya goma, suke riƙe lissafin buhuna da tiya a ka. Abin da ya hana su sani shi ne ba a gaya musu asusun nasu ne ba. Nauyin yana kan masu sayar da waya da masu gyara: wanda ya buɗe wa mutum asusu ya rubuta masa adireshi da lambar sirri, da boko ko da ajami, ya sa lambar mai wayar a matsayin ta farfaɗo da asusu, ba tasa ba. Gidajen rediyon karkara da ƙungiyoyin manoma na iya nuna wannan a ranar kasuwa ba tare da wani kasafi ba.

Ajiyar ma ba ta har abada ba ce. WhatsApp na rufe asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba. Google na goge ajiyar wayar Android da aka daina amfani da ita bayan kwana 57, kuma tun Disamban 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu a kwance. Kamfanonin layi su ma suna sake sayar da lambar da aka daɗe ba a taɓa ba. Manomin da wayarsa ta lalace a farkon damina, ya ce sai ya sayar da wake da kaka zai sayi wata, ya sani kwanakin nan suna tafiya. Ya fara zuwa ya maido layinsa da katinsa, ya sa shi ko a ƙaramar waya mai tocila, sannan ya ari wata wayar ko ya shiga wurin mai kwamfuta ya tabbatar asusunsa na Google yana buɗuwa.