Cire Masa Fukafuki Ki Ga Wanda Ya Rage

A semistar da ta wuce wani littafin Turanci ya zagaye ɗakinmu a hostel kamar mura. Daga wayar wata ya koma ta wata, har ni da nake cika bakin ba na karanta labarin soyayya sai da na kwana biyu ban leƙa takardun lakca ba. Sunansa Hush, Hush, wata Ba'amurkiya mai suna Becca Fitzpatrick ta fitar da shi a 2009. Na ji daɗinsa, ba zan yi ƙarya ba. Amma tun da na ajiye shi akwai abin da ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ga wanda bai san irin waɗannan littattafai ba, ga tarihinsu a taƙaice. Bayan Twilight na Stephenie Meyer ya fito a 2005 ya yi kasuwa da labarin yarinyar da ta ƙyalla ido kan mai shan jini, sai masu buga littattafan matasa a Amurka suka shiga neman wata halittar da za ta maye gurbinsa. Suka faɗa kan mala'iku. A 2009 aka samu Hush, Hush da Fallen na Lauren Kate. A 2010 Alexandra Adornetto 'yar Ostireliya ta kawo Halo. A 2011 Unearthly na Cynthia Hand da Angelfall na Susan Ee suka biyo baya. Wasu daga cikinsu tsarinsu ɗaya ne: yarinya 'yar sakandare, saurayi kyakkyawa mai ɓoyayyen sirri, sai can a gano ashe mala'ika ne da aka koro daga sama.

Na san abin da wasu za su fara cewa, don an faɗa mini a ɗaki: ai wannan saɓo ne. Lallai a aƙidar Musulunci mala'iku ba sa saɓa wa Allah, ba sa aure, Iblis kuma daga aljanu yake. Abokan karatunmu Kirista ma sun ce a Linjila an nuna mala'iku ba sa aure. Marubutan sun ɗebo labarin ne daga Littafin Anuhu, wani tsohon rubutun Yahudawa da ke ba da labarin mala'iku ɗari biyu da suka sauko suka auri 'yan matan duniya, wanda Cocin Orthodox ta Habasha ke lissafa shi cikin littattafanta amma yawancin coci-coci ba sa yi. Daga irin waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce aka samo kalmomi irin su Nephilim da Grigori da suka cika shafukan nan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da karanta irin wannan ba, ya bari, kuma kada kowa ya yi masa dariya. Sai dai ni ban taɓa ganin ɗalibar da ta gama Fallen ta tashi da sabuwar aƙida a kan mala'iku ba. Kowa ya san tatsuniya ce. Abin da ke shiga kai ba tare da an ankara ba shi ne darasin da littafin ke koyarwa game da yadda so yake.

Mu duba Hush, Hush ɗin. Nora Grey tana ajin bayoloji aka haɗa ta zama da Patch. Ya san abubuwan rayuwarta da ba ta taɓa faɗa masa ba. Yana jefa mata maganganun da ke sa ta takura. Duk inda ta je sai ta gan shi. Ta je wurin malamin ta roƙi a canza mata wurin zama, ya ƙi. Daga baya aka gano cewa tun farko niyyar Patch ita ce ya kashe ta domin ya samu jikin ɗan Adam. To da yake ya fasa, sai labarin ya mayar da shi gwarzo, har ya zama mai tsaronta. A Fallen kuma, ranar farko da Luce ta ga Daniel a makarantar gyaran hali, da alamar zagi ya tarbe ta, ya yi ta wulaƙanta ta. Bayanin da aka ba mu shi ne wai don kare ta yake yi, saboda duk shekara 17 tana dawowa duniya ta so shi ta mutu.

Yanzu ki cire wa Patch fukafuki, ki sa masa riga da wando, ki ajiye shi a ƙofar sashenku. Saurayin da ya haddace jadawalin lakcarki, yake bin ki daga ɗakin karatu zuwa wurin mai shayi, yake kiran ki da lambobi daban-daban bayan kin toshe shi, wa za ki kira shi? Na yi wannan tambayar ne don abin ya faru da wata da na sani a nan makarantar. Wata biyu tana canza hanya saboda wani. Da ta kawo kuka, mu ƙawayenta muka ce mata, "Ke dai kin yi sa'a, wannan ai mutuwar son ki yake." Har da ni a masu faɗa. Sai da ya tare ta da dare a hanyar hostel ya riƙe mata hannu da ƙarfi sannan bakinmu ya mutu. Ba na cewa littafi ne ya jawo. Amma mu da muka yi mata dariya, a ina muka koyi cewa naci da tsoratarwa alamar so ne?

Kuma kada mu ɗora wa Turawa duka laifin. Littattafanmu na Hausa da ke yawo a WhatsApp da Wattpad cike suke da miskilin attajiri da ke marin yarinya a babi na uku, ta kamu da son sa a babi na goma. Wasu ma aljani ne gwarzon, yana bin ta har cikin barci. A can fukafuki ne ke wanke mugun hali, a nan kuɗi ne ko sarauta. Uzurin dai ɗaya ne: shi ba kamar sauran maza ba ne, don haka dokar da ta hau kowa ba ta hau shi ba.

Ba ina kiran a hana karatu ba ne. Ɗalibar da ta cinye shafi ɗari huɗu na Turanci cikin kwana biyu ta ƙaru da kalmomin da darasin Turanci na semista guda bai ba ta ba, kuma mun san yadda rubuta rahoton firojek ke ba mu wuya. Sannan ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Angelfall, Penryn 'yar shekara 17 ba saurayi take nema ba, ƙanwarta gurguwa da mala'iku suka sace take nema. Ta tsinci Raffe an yanke masa fukafukai, ta ƙulla yarjejeniya da shi don ya kai ta inda ƙanwar take, kuma ba ta yarda da shi ba sai da halinsa ya nuna. A Unearthly kuwa yarinyar ce, Clara, ke da jinin mala'iku, kuma wanda ya shiga ranta shi ne Tucker, yaron ƙauye da ke mutunta ta ba tare da wani sirri ba. Waɗannan ma soyayya ce, da daɗin karantawa, babu wanda aka ce ya haƙura da wulaƙanci.

'Yan uwana mata, mu ci gaba da karatu, amma mu riƙa tsayawa a tsakiyar babi muna tambaya: da ƙanwata aka yi wa haka, zan kira shi so? Ku kuma maza, na san wasunku na karantawa a ɓoye, wasu kuma a fim suka gani. Idan yarinya ta ce a'a, ba babi na farko ba ne na dogon labari da zai ƙare da aure. Ta gama magana.

Ƙungiyar ɗalibai kuma tana da abin yi. A buɗe zaman tattauna littattafai ko sau ɗaya a wata, a kawo na Turanci da na Hausa a baje su a faifai. A kuma sanar da kowace ɗaliba, tun ranar rajista, ofishin da za ta kai ƙara idan wani ya addabe ta, a tabbatar za a saurare ta ba a ce mata ta koma wurin zamanta ba kamar yadda aka yi wa Nora. Ita ƙawar tawa ta kai ƙara daga baya, an kuma yi maganin abin. Na ba ta haƙuri kan dariyar da na yi, ta ce ya wuce, amma har yau ba ta bin waccan hanyar idan magariba ta yi.