Ƙa'idar nauyin motocin a-kori-kura da dokokin rajista a Amurka

Ƙa'idar nauyin mota, wadda ake taƙaitawa da GVWR a Amurka, ita ce iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera mota ya amince ta kai idan an haɗa nauyin motar kanta da mai da direba da fasinjoji da kaya. Ana buga wannan adadi a wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin ƙofar direba. Ga motocin a-kori-kura, wato masu buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya, wannan adadi ne yake nuna ajin da mota take, kuma da shi ake sanin irin lasisin da direba yake buƙata da wasu dokokin haraji da suka hau kanta, ko da kuwa ba a taɓa loda mata kayan da suka kai haka ba.

Azuzuwan nauyi

Gwamnatin tarayyar Amurka ta kasa motocin kaya gida takwas, kuma da laba ake auna su. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo. A-kori-kura suna cikin azuzuwa ukun farko. Aji na 1 ya tsaya a laba 6,000, kimanin kilo 2,722. Aji na 2 ya kama daga 6,001 zuwa 10,000, kuma an raba shi biyu a kan laba 8,500. Aji na 3 ya kama daga 10,001 zuwa 14,000, kimanin kilo 6,350.

A bakin jama'a kuwa, ana kiran motocin da "rabin tan", "kashi uku cikin huɗu na tan" da "tan ɗaya". Ford F-150 da Ram 1500 su ne rabin tan, F-250 ce ta tsakiya, F-350 kuma tan ɗaya. Sunayen sun samo asali ne daga nauyin kayan da motocin da suke iya ɗauka, amma yanzu sun zama laƙabi kawai. Rabin tan a ma'aunin Amurka laba 1,000 ne, alhali wasu samfuran F-150 suna ɗaukar sama da laba 2,000. Doka ba ta duba laƙabin.

Dokokin tarayya

Iyakoki huɗu ne suka fi shafar masu irin waɗannan motoci. Ta farko ita ce laba 6,000: motar kasuwanci da ta wuce wannan adadi tana samun rangwamen haraji mafi girma a ƙarƙashin sashe na 179 na dokar haraji. Ta biyu ita ce laba 8,500: a-kori-kurar da ta haura nan ba dole ba ne a manna mata takardar da take nuna yawan man da take sha.

Ta uku ita ce laba 10,001. Motar da ta kai nan, ita kaɗai ko haɗe da tirelar da take ja, idan tana harkar kasuwanci tsakanin jiha da jiha, sai ta samu lambar ma'aikatar sufuri ta tarayya, direbanta kuma ya bi dokokin gwajin lafiya da na sa'o'in tuƙi. Ta huɗu ita ce laba 26,001, inda ake buƙatar lasisin tuƙin manyan motoci, tsarin da ya samo asali daga wata doka ta shekarar 1986. Alal misali, mai a-kori-kura ta laba 14,000 da yake jan tirela ta laba 14,000 don neman kuɗi ya kai 28,000 a lissafin doka, ko da tirelar babu komai a ciki.

Rajista a jihohi

Rajista da lambar mota suna hannun jihohi ne, kuma kowace da tsarinta. Wasu suna duba nauyin mota ba kaya, wasu ƙa'idar kamfani, wasu kuma nauyin da mai motar ya bayyana da kansa. A Kalifoniya ana yi wa a-kori-kura rajista a matsayin motar kasuwanci tare da biyan kuɗin nauyi, ko da mai ita kai yara makaranta kawai yake yi da ita. Dokar jihar ta ce a-kori-kura ita ce wadda ƙa'idarta ta gaza laba 11,500, nauyinta ba kaya ya gaza 8,001, bayanta kuma bai wuce ƙafa 9 ba. A jihar New York an hana motoci masu lambar kasuwanci bin wasu manyan hanyoyi da aka keɓe wa motocin fasinja, don haka irin lambar da aka ba mutum takan sauya hanyar da zai bi zuwa aiki.

Muhawarar da ake yi a yanzu

Tunda kamfani ne yake rubuta adadin, akan daidaita shi da iyakar doka. Ford tana sayar da F-250 da zaɓin ƙa'idar da ba ta wuce laba 10,000 ba, domin masu saye da ba sa son faɗawa aji na 3. Wanda ya zaɓi haka yana kuɓuta daga wasu dokoki, amma kayan da aka yarda ya ɗauka sun ragu, kuma idan ya wuce adadin da ya yi rajista da shi za a iya cin sa tara.

Motocin lantarki sun ƙara dagula lissafin saboda nauyin batir. GMC Hummer EV ta farko ta haura laba 9,000 ba tare da kaya ba, ƙa'idarta kuma ta wuce 10,000, wato ta shiga aji na 3 duk da cewa motar hawa ce ga yawancin masu ita. Masu rajin kare lafiyar masu tafiya a ƙasa suna cewa ya kamata mota mai nauyi ta biya fiye da ƙarama. A shekarar 2022 majalisar birnin Washington ta amince da ɗaga kuɗin rajistar motocin da suka kai laba 6,000 zuwa dala 500 a shekara. Masu adawa da irin wannan mataki suna cewa magina da masu gyare-gyare da ƙananan 'yan kasuwa ne zai fi taɓawa, domin motar ita ce jarinsu.

A wasu ƙasashe

A Tarayyar Turai da Birtaniya iyakar da aka fi sani ita ce kilo 3,500, wadda lasisin ƙaramar mota yake tsayawa a kanta. Wannan ya gaza ƙa'idar F-250 nesa ba kusa ba. A Birtaniya, a-kori-kura mai layin kujeru biyu da take iya ɗaukar tan ɗaya ta daɗe tana cin moriyar harajin motar kaya. Daga watan Afrilu na 2025 aka koma lissafa yawancinsu a matsayin motar hawa wajen harajin motar da kamfani ya ba ma'aikaci.