Taruwar ruwa a kan jariri: akwai nau'in da folik asid ba ya hanawa

A watan Mayun 2023, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci ƙasashe su riƙa ƙara folik asid a abinci irin su fulawa. Manufar ita ce rage haihuwar jarirai masu buɗaɗɗen ƙashin baya, waɗanda da yawansu ruwa ke taruwa a kansu. Mataki ne mai kyau. Amma idan kin sha maganin a kan kari, duk da haka kan ɗanki ya kumbura, kada ki ɗora wa kanki laifi. Akwai nau'in da tushensa daban ne.

Yayin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa, kowace ƙwayar jijiya tana miƙa dogon zare don ta isa inda za ta haɗu da wata. A jikin zaren akwai furotin masu manne ƙwaya da ƙwaya, kamar L1 da NCAM. Aikinsu ya wuce na danƙo. Da L1 ya taɓa ɗan'uwansa a jikin ƙwayar da ke kusa, sai ya tayar da mai karɓar saƙo da ake kira FGFR. Daga nan ƙofofin kalsiyum su buɗe, kalsiyum ya shiga bakin zaren, zaren ya ƙara tsawo. Masu bincike a Landan ne suka bi diddigin wannan hanya a shekarun 1990.

Idan ƙwayar gadon L1 ta samu tangarɗa, zaruruwan kan kasa isa inda ya kamata, kuma siririyar mashigar ruwan ƙwaƙwalwa kan tsuke. An gano wannan alaƙa a 1992. Ciwon kan kama kusan namiji ɗaya cikin 30,000, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Ita tana iya zama lafiya ƙalau, amma kowane ɗa namiji da za ta haifa, yiwuwar ya gada rabi da rabi ce.

A ƙasashenmu, sanƙarau da sauran cututtukan da ke kama jariri bayan haihuwa sun fi gado jawo taruwar ruwa nesa ba kusa ba. Sai dai idan an taɓa haifar namiji mai babban kai a ɗakinku, ko cikin ƙannen mahaifiyarki da yayyenta, musamman mai babban yatsa lanƙwashe cikin tafin hannu, ki faɗa wa likita tun zuwan awo na farko. Ki nemi a duba kan ɗan tayi da hoton ciki, kuma ki haihu a asibiti.