Hawa huɗu kafin lakcar ƙarfe takwas

1/ Ranar Litinin na rasa tes. Ba makara na yi ba. Ana idar da sallar asuba na fito daga gida, na isa ƙofar aji tara saura kwata, an riga an rufe. Malamin bai yi laifi ba, takwas ya ce. Tun ranar abin yake cina, to bari in amayar da shi a nan. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Garinmu yana tsakanin Dawanau da Dambatta, sai ka sauka daga kwalta ka nausa ciki. Bana ban kama ɗaki a birni ba. Haya ta fi ƙarfinmu, kuma ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, gonar gero da ta gyaɗa suka dawo wuyanmu ni da ƙanena. Jeka-ka-dawo nake yi.

3/ Ga yadda safiyata take. Ɗan acaɓa ya fito da ni bakin titi. In an yi ruwa da daddare, wani wurin sai na sauka mun tura babur tare. A bakin titi in jira Golf ko Sharon mai sauran wuri. Biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokacin da akuya a but.

4/ Motar ta sauke ni Mil Tara ko Ƙofar Ruwa, ya danganta da inda direba ya ga dama. Daga nan adaidaita zuwa Kabuga. Daga Kabuga wani adaidaitan zuwa makaranta. Hawa huɗu, ciniki huɗu, jira huɗu. Da yamma a sake maimaitawa, ga gajiya ga yunwa.

5/ A cikin huɗun nan babu wanda yake da lokacin tashi. Ko ɗaya. Mota tana tashi ne in ta cika. Ran Litinin ɗin kusan minti arba'in muka yi ana jiran mutum biyu, ɗan kamasho yana ta "saura mutum ɗaya", alhali kowa yana ganin kujera biyu.

6/ Ban ga laifin direban ba fa. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. In ya tashi da kujera biyu babu kowa, ranar a bakin aljihunsa. Ga balas ɗin mai mota yana jiransa.

7/ Abin da nake so in faɗa shi ne: masu tsara zirga-zirgar Kano, a kansu Kano ƙananan hukumomi takwas ce. Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo. Daga nan taswirarsu ta ƙare. Mu sauran 36 sai lokacin zaɓe.

8/ Amma ka tsaya a Dawanau ƙarfe bakwai na safe ka kalli masu shigowa. Magina, 'yan dako, masu nono, masu kayan miya, ɗalibai, matan da za su ga likita, malaman firamare. Daga Bichi, Dambatta, Makoɗa, Minjibir, Dawakin Tofa. A birni suke wuni, a ƙauye suke kwana. Waɗannan ba baƙi ba ne, ma'aikatan garin ne.

9/ Kuma ba yau aka fara ba. A darasin jogarafi an koya mana aikin Michael Mortimore, Baturen da ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, inda gona take manne da gona babu fili a banza. Ya rubuta yadda jakuna suke shiga birni da itace su fito da taki.

10/ Da na ba kakana labarin, dariya ya yi. Ya ce yo wannan har sai Bature ya rubuta? Shi da kansa ya yi. A ɗora wa jaki itace a shiga, a cika mangala da shara da toka a dawo a zuba a gona. Birni ya samu na girki, gona ta samu abinci, ba jakin da yake komawa fayau.

11/ Ku lura, tsarin kakana ya fi nawa ta fuska ɗaya: ya san yaushe zai isa. Jaki ba ya jiran lodi.

12/ Yanzu mu duba abin da gwamnatoci suka yi a kan abin hawan talaka. A 2005 gwamnatin Malam Shekarau ta kawo babur mai ƙafa uku don ɗaukar mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Sunan da ya bi shi ke nan har yau. Ba a kawo shi don ya ɗauki garin gaba ɗaya ba.

13/ A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Akwai dalilin tsaro, ban musa ba.  Sai adaidaita ya cike gurbin, ya zama shi ne bas, shi ne tasi, shi ne motar asibiti.

14/ Mun ga ƙarshen dogaro da abu ɗaya a Janairun 2022, da 'yan sahu suka yi yajin aikin kwana uku a kan kuɗin sabunta rajista. Gari ya tsaya cak. Mutane suka dinga takawa a ƙasa, wasu a bayan kurkura kamar buhunan masara. Garin miliyoyin mutane fa ake magana.

15/ A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta fito da bas 100 na Kanawa, ta ce adaidaita ya bar wasu manyan tituna. Ko kwana biyu ba a yi ba aka janye umarnin saboda kukan jama'a. Kuma layin da aka fara da shi gabas zuwa yamma ne. Mu na titin Katsina ba ma cikin lissafi.

16/ Jirgin ƙasa na cikin gari kuwa, tun 2016 aka sa hannu da kamfanin China a kan dala biliyan 1.85. Ina firamare lokacin, ko farkon sakandare. Yanzu ga ni ina shirin gama digiri, ban taɓa yankar tikitinsa ba, kai ma haka.

17/ Abin da aka iya shi ne gada. Ƙofar Nassarawa, Kabuga, Dangi, Hotoro, Ƙofar Ruwa, yanzu ga Tal'udu da Ɗan Agundi. Kowane gwamna da tasa. Suna da kyau a hoto, wallahi ni ma na ɗauka na ɗora. Kuma wasu sun rage cunkoso, gaskiya ce.

18/ Amma gada wa take yi wa aiki? Mai mota. Shi ne zai hau sama ya wuce. Ni da nake tsaye a ƙarƙashinta ina ciniki da ɗan sahu, ba ta rage min ko naira ɗaya ba, ba ta rage min jira ba. Wani wurin ma ƙara min tafiyar ƙafa ta yi, don sai na zagaya kafin in tsallaka titi.

19/ Haka titin Kano zuwa Kazaure zuwa Daura da ake mayarwa tagwaye. Mun gode, ana so. Sai dai in titi ya yi faɗi, motar da take kansa tana nan yadda take, sai ta cika za ta tashi. Kwalta ba ta ɗaukar fasinja.

20/ To me nake so? Ba abin mamaki ba ne. Babbar bas mai lokaci. Ta tashi daga Dambatta ƙarfe shida, ko da mutum goma ne a ciki. Wata shida da rabi. Wata daga Bichi. Su haɗu a Dawanau, su bi titin Katsina, wata ta yi Bata, wata ta yi Kabuga. Kuɗi a rubuce a jikin mota, babu ciniki.

21/ Za ku ce ai ba za ta ci riba ba. Eh, da farko ba za ta ci ba. Gadar sama nawa take kawowa a wata? Ko sisi. Ba wanda ya taɓa cewa a rushe ta don ba ta biyan kanta. Me ya sa sai abin hawan talaka ne ake tambayar riba?

22/ Kuma in mutane suka tabbatar shida na nufin shida, za su fito. Abin da yake kashe motocin gwamnati a ƙasar nan ba rashin fasinja ba ne. Rashin gyara ne, da rabon motoci ga 'yan siyasa, da sabon gwamna ya zo ya canza fenti ya canza suna a koma farko. A yi doka, a ware kuɗin gyara a kasafi, a bar sunan ya zauna.

23/ Legas ta fara BRT a 2008, da layinta daban a kan titi. Gwamnoni sun zo sun tafi, motar tana nan. A 2023 suka fara hawa jirginsu na cikin gari. Ba na cewa Legas aljanna ce, masu zama can za su ba ku labarin wahalarsu. Amma sun riƙe abu ɗaya shekara da shekaru.

24/ Sai babbar damar da nake tsoron za ta wuce mu muna kallo: layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. An ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya. An ci gonakin mutane a hanyarsa, na san waɗanda aka yanka wa tasu biyu.

25/ Duk maganar da ake yi a kansa ta kaya ce da kasuwancin Nijar. Madalla. Amma in jirgin zai wuce ta bayan gidajenmu sau ɗaya a rana da tsakar rana, mu me muka samu ban da ƙara? A saka ƙaramin jirgin safe da na yamma tsakanin Kazaure, Dambatta da Kano. Yanzu ne lokacin neman wannan, tun kafin a gama tsara jadawali. 'Yan majalisarmu, ina kuke?

26/ Kada wani ya ce ina so a kori 'yan sahu. Yayana ɗan sahu ne, da kuɗinsa aka biya min rajistar aji ɗaya. Aikinsu ya koma inda suka fi ƙarfi: daga tashar bas zuwa cikin unguwa, lungun da babbar mota ba ta shiga. A fara kawo bas ɗin tukuna, ta yi aiki, sannan a zauna da su. Ba a wayi gari da sanarwa ba.

27/ Abin da ya fi tes ɗina ciwo: ƙanwata ta ci jarrabawa, ta samu gurbi a wata makarantar koyon aikin jinya a birni. Baba ya zauna ya lissafa hawa huɗu safe da yamma, ga 'ya mace, ga dawowa bayan magariba a kan acaɓa cikin gonaki. Ya ce a bari sai baɗi. Baɗin nan biyu ke nan.

28/ Ba wanda zai rubuta sunanta cikin waɗanda suka bar karatu saboda mota. Za a ce iyayen ƙauye ba sa son boko. Baba yana so. Shi ya sayar da tunkiya ya saya mata fom.

29/ Na je na roƙi malamin, ya ce zai duba ko za a yi wa waɗanda suka rasa wani. Allah ya sa. Gobe ma takwas muke da ita, kuma hadari ya haɗo tun la'asar.

30/ 'Yan Gezawa, Bichi, Wudil, Kura, Gwarzo, ku faɗa min a ƙasa: hawa nawa kuke yi kafin ku isa aji ko wurin aiki, kuma ƙarfe nawa kuke fitowa? Zan tattara in kai wa ɗan majalisarmu na jiha a rubuce, in ya karɓa zan ɗora muku hoton takardar.