Ina Hoton Ranar Da Ba Biki?

A wannan mako ina so in jawo hankalinmu ga wani abu wanda da yawa daga cikinmu muke riƙe da shi a hannu dare da rana, amma ba mu ba shi aikin da ya dace ba, wato kyamarar da ke jikin wayar hannu.

Ki buɗe wayarki ki duba hotunan da ke ciki. Na tabbata abin da za ki tarar shi ne biki da suna da anko, da ranar Salla ko Kirsimeti, sai kuma fuskarki an sha kwalliya. Wannan ba laifi ba ne. Amma ina hoton tsakar gidanki ranar Talata da hantsi, sa'ad da ba baƙo, ba kiɗa? Ina hoton hannun tsohuwarki tana tsince shinkafa a faifai? Mun ɗauka abin da ido ke gani kullum bai isa a ɗauke shi hoto ba. Ni kuwa a ganina irin wannan hoton ya fi na biki daraja, domin ranar biki masu ɗauka sun fi goma, ranar Talata kuwa ba ta da mai ɗauka sai ke.

Dalilina na farko shi ne, abubuwan yau da kullum su ne suke ɓacewa ba sallama. Ku tuna da jeren ɗakin amarya na zamanin iyayenmu, kwalla da tasoshi da fanteka an jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, an goge suna ƙyalli. Yau 'yanmata nawa ne suka taɓa ganinsa da idonsu? Randar ƙasa mai sanyaya ruwa ta ba roba wuri, turmi yana ba inji wuri. Ba wanda ya yi shelar ranar da za a daina, an dai wayi gari babu. Haka masaƙun Kakuri. An buɗe ta farko a 1957, dubban magidanta suka ci abinci a cikinsu shekara da shekaru, daga baya aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Gidaje nawa ne suke da hoton maigida ya dawo daga aiki a kan kekensa?

Dalili na biyu ya fi nauyi, mu mutanen Kaduna mun san shi. Bayan rikicin 2000 da na 2002, iyalai da yawa sun kwashe kayansu sun ƙetare kogi, wasu suka yi arewa, wasu suka yi kudu. Wanda ya tashi a cikin firgici ba ya tsayawa kallon bishiyar da ke ƙofar gida. Yau akwai yaran da suka girma suna jin labarin maƙwabciyar da ke miƙo musu tuwo ta kan katanga, wadda addininsu ba ɗaya ba, amma babu ko hoto guda da za a nuna musu. Hotunan da suka rage na waɗannan shekaru na hayaƙi ne da kango, domin su 'yan jarida suka zo nema. Idan mu ba mu ɗauki zaman lafiyar unguwarmu ba, to, ranar tashin hankali kaɗai za a san mu da ita.

Wata mace 'yar Maiduguri, Fati Abubakar, ta gane haka. A 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Barno sai hoton ɓarna, ta shiga gari da kyamararta tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da mata cikin lafaya. Jaridun ƙasashen waje har suka riƙa buga aikinta. Kafin ita kuma akwai marigayi Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya dinga ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan dubu. Kitso fa, wanda muke yi a gindin bishiya muna hira! Ya rasu a 2014, amma hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, kuma akwai kitson da ba a ƙara yinsa, sai a can za ki gan shi.

Na san wata za ta ce, "Malama, ai gidana ba abin ɗauka, siminti ya farfashe, kwanon rufi ya yi tsatsa." Haba 'yar'uwa! Kyau daban, tsada daban. Na taɓa sa 'yan ajina su rubuta kyawawan abubuwa biyar da suka gani a hanyar makaranta. Yawancinsu motoci suka lissafa da gidajen bene. Yarinya ɗaya ce ta rubuta cewa ta ga barkono an shanya a kan buhu, ja wur, kaza tana zagaya shi. Wannan yarinya tana da ido, kuma ido shi ne rabin aikin.

A nan Unguwar Boro abin gani bai ƙare ba. Ki fito da sassafe ki ga matan Gbagyi sun nufo kasuwar Sabon Tasha, kayansu a kafaɗa kamar yadda suka gada, ba a ka ba. Ki dubi doya an tsiba ta kashi-kashi a bakin hanyar Kaciya, da mai ƙosai da hayaƙinta yana ratsa hasken safiya, da yara cikin kayan makaranta sun jeru suna tsallake kwata. Da damina ki dubi masarar da aka shuka a ɗan filin bayan gida. Da hunturu kuwa hazo yakan mai da rana kamar faifan tagulla, har ki iya kallonta ido da ido. Ku tuna fa, Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, tukwanen ƙasa ne suka kai ta can, irin waɗanda muke wucewa a kasuwa ba mu ko waiwaya.

Ɗaukar ba ta da wuya. Ki goge idon kyamarar da gefen zaninki, domin maiƙon hannu shi ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Ki guji tsakar rana, hasken safe da na la'asar sun fi taushi. Rana ta kasance a bayanki ko a gefenki. In yaro za ki ɗauka, ki durƙusa daidai tsayinsa, kuma kada ki ce masa ya tsaya ya ƙame kamar soja, ki bar shi da wasansa. Ki matsa kusa. Hannu biyu a kan muciya sun fi dukan madafi ba da labari.

Sai dai akwai ladabi, kuma a nan nake so 'yanmata 'yan makaranta su buɗe kunne. Kada ki ɗauki mutum sai kin nemi izininsa, in ya ƙi, ki yi godiya ki wuce. Kada ki ɗauki mabaraci ko marar lafiya don ƙawaye su yi dariya. Cikin gidan mutane sirrinsu ne. Matar da ta sake a tsakar gidanta ba ɗankwali ba ta shirya wa idon duniya ba. Akwai kuma gidajen da ba su son hoton mutum sam, saboda fahimtarsu ta addini ko ra'ayin maigida. A girmama su. Mai irin wannan gida tana iya ɗaukar lallen hannu, da ƙwarya, da inuwar darbejiya a jikin bango. Kuma ba kowane hoto ne na Facebook ba. Wanda ya nuna fuskar ƙananan yara da ƙofar gidanku da sunan makarantarsu, ki bar shi a gida.

Abu na ƙarshe, waya ba ma'aji ba ce. Tana faɗawa ruwa, ana sace ta a cikin mota, yaro yana latsawa ya share komai. Iyayenmu da suke zuwa shagon mai hoto sau ɗaya a shekara suna da abin nunawa a ƙasan akwati, mu masu hoto dubu muna iya tashi ba ko ɗaya. Saboda haka duk bayan wata uku ko huɗu ki zaɓi biyar ko goma waɗanda suka fi kwanta miki a rai, ki kai a wanke miki su a takarda. Ki juya bayan kowanne ki rubuta sunan wanda ke ciki, da unguwa, da wata da shekara. Ki yi rubutun a hankali da fensir, domin biro yakan huda ya ɓata fuskar hoton. Sa'an nan ki sa su cikin ambulan, ki ajiye inda danshin damina da gara ba za su kai ba.