Kada A Ɓoye Wa Matasa Mutuwa A Littattafai

Akwai wani ra'ayi da ke yawo tsakanin wasu iyaye da malaman makaranta, wai bai kamata littafin da aka rubuta domin samari da 'yan mata ya ƙare da rasuwa ba, don kada a tayar musu da hankali. Ni kam ban yarda ba.

Mu dubi Shaihu Umar, wanda marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigar a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga a 1934. Lokacin nan marubucin kansa bai wuce shekara 22 ba, watau saurayi ne ke yi wa 'yan'uwansa magana. Tun Umar yana ciki mahaifinsa ya rasu. Makau, mijin uwarsa, 'yan hassada suka sa aka kore shi daga gari. Aka sace yaron. Uwa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare hamada da ita. Da Allah ya sada su a Tarabulus bayan shekaru, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. Da marubucin ya tausaya mana ya bar ta da rai, da wa zai san nauyin abin da bauta ta yi wa gidajenmu?

Littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun wajen 1987 sun yi ƙoƙari wajen tona rikicin cikin gida, musamman Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Amma a da yawansu aboki ɗan aike ne kurum, mai kai wasiƙa gidan budurwa, mutuwa kuwa ba ta zuwa sai marubuci ya rasa yadda zai yi da kishiya. Wannan wasa ne da abu mai girma.

Yaron da ke aji uku a sakandare ya sha bin gawa zuwa maƙabarta, wataƙila ma ya zauna zaman makokin abokin da suke raba gyaɗa da shi. Manya suna karɓar gaisuwa, shi kuwa ba mai tambayarsa yadda ya kwana. To, in littafi ma ya ƙi yi masa zancen, ina zai ji shi?